Mako Biyu a Rumbun Hamadar Yuta

Ranar da na je Tudun Wada yi wa Inna sallama, na shafe kusan rabin awa ina ƙoƙarin fahimtar da ita abin da zai kai ni Amurka, amma duk bayanin da na kawo sai ya ƙara dagula zancen. Na ce mata akwai wani gida a tsakiyar hamada da aka gina domin a kwaikwayi irin zaman da mutane za su yi idan Allah ya nufa sun sauka a duniyar Mars, kuma mu shida ne za mu shiga mu zauna mako biyu, ba mai fita sai da izini kuma sai da rigar 'yan sama jannati, ruwan sha da na wanka duk a aune. Ta tambaye ni ko babu iska ne a wurin, na ce akwai ta lafiya lau. Ta tambaya ko kulle mu za a yi, na ce ƙofar ma ba a sa mata kwaɗo. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ɗago ta ce, "To ai sai ka ce mini i'itikafi za ka je yi, sai dai ba na neman lada ba."

Ni malamin kimiyyar ƙasar noma ne a wata makarantar gaba da sakandare a nan Kaduna, kuma abin da na fi sani a duniya shi ne laka da yashi da taki. Wurin da na nema suna kiransa Mars Desert Research Station, mallakar ƙungiyar Mars Society wadda injiniya Robert Zubrin ya kafa tare da abokansa a 1998. An kafa gidan a 2001 kusa da ƙauyen Hanksville a jihar Yuta, kuma tun daga lokacin ayari bayan ayari suke shiga, yawanci na mako biyu, daga kaka zuwa bazara, domin zafin rani a can ba ya barin a zauna. Ba gwamnati ce ke ɗaukar mutane aiki a wurin ba. Mutum ne zai rubuta binciken da yake son yi, ya nemi gurbi a cikin wani ayari, kuma shi zai nemo kuɗin tafiyarsa da na zamansa. Nawa binciken ƙarami ne: ina so in ga ko wake da gero za su tsiro a cikin yumɓun wannan hamada idan da ruwan wanke-wanke kaɗai aka shayar da su, tunda duk wanda zai yi noma a Mars ba zai samu ruwa mai kyau da zai zubar a ƙasa ba.

Kafin in tashi na tsaya bayan sallar Magariba na yi wa limamin unguwarmu tambaya a kan salla. Na ba shi labarin ɗan Malesiyan nan, Sheikh Muszaphar Shukor, wanda ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Oktoban 2007 ana cikin azumi, tashar da take zagaya duniya kusan sau 16 a kwana guda, har malaman ƙasarsa suka zauna suka fitar masa da ƙa'ida cewa ya riƙa bin lokutan wurin da kumbonsa ya tashi. Liman ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi murmushi ya ce, "Malam, kai kwaikwayo za ka je yi, salla kuwa ba ta shiga kwaikwayo. Ƙafarka tana bisa ƙasar nan, ka bi ranar garin da kake. Kuma tunda ka yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, babu kasaru."

Na kama jirgin ƙasa na safe daga Rigasa cikin hazon hunturu, irin wanda yake sa rana ta fito kamar farin faifai. Daga Idu na wuce filin jirgin saman Abuja, muka yada zango a Turai, muka sauka Denver, sannan wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni Grand Junction a jihar Kolorado, inda ayarori suka saba haɗuwa. Irin wake da na geron da na ware a gida can na baro su, domin dokar Amurka ba ta barin a shiga da iri sai da takardun izini. A wani babban kanti na tarar da wakenmu fari mai baƙin ido a cikin leda, na saya ina jin kamar na gamu da ɗan unguwa a baƙon gari. Geron da na samu kuwa wani ƙanƙani ne da ake ba tsuntsaye, ba namu na fura ba, don haka na cire gero daga binciken tun kafin a fara. A nan na fara ganin abokan zamana ido da ido bayan watanni muna magana ta intanet: kwamandar ayari, wadda injiniyar jiragen sama ce, da injiniyan da zai kula da ruwa da lantarki, da likita, da masanin duwatsu, da wata matashiya mai rubuta rahotannin yau da kullum. Ni aka ba kula da ɗakin shuka.

Tafiyar mota zuwa Hanksville ta ɗauke mu kusan awa uku. Bayan garin Green River hanya ta karkata kudu, itatuwa suka ƙare, har ciyawa ta zama ɗaiɗai. Ƙauyen kansa mutanensa ba su kai ɗari uku ba, kuma akwai wani shago a gidan mai da aka fafe a cikin dutse, inda muka sayi abin da ya rage. Daga nan muka bar kwalta muka bi wata hanyar burji da sunanta yake nufin hanyar kashin shanu, sunan da ya ba ni dariya ganin inda za ta kai mu. Tun ina yaro nake ganin jar ƙasa, har na ɗauka babu wani ja da zai ba ni mamaki, amma tuddan nan daban suke. A jere launukansu suke hawa-hawa, ja da ruwan toka da fari da shunayya, kamar an shimfiɗa saƙi a kan tudu, kuma babu ko tsiro ɗaya a jikinsu. A can kudu duwatsun Henry suna tsaye da ƙanƙara a kansu.

Da gidan ya bayyana, abin da ya fara zo mini a rai shi ne rumbu. Fari ne, kewayayye, mai hawa biyu, faɗinsa mita 8, yana tsaye a kan ƙafafun ƙarfe. A ƙasa akwai wurin sa riguna da banɗaki da wurin wanka, a sama kuwa madafa ce da teburin cin abinci da ɗakunan kwana waɗanda kowannensu bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, gadon wani yana shiga ƙarƙashin na maƙwabcinsa ta cikin bango. A gefe akwai ɗakin shuka, da ɗakin gwaje-gwaje mai rufin ƙwarya, da wuraren duba taurari, da ɗakin gyare-gyare wanda aka yi da gangar jikin tsohon jirgi mai saukar ungulu. Abin da ya haɗa su da babban gidan wasu lunguna ne na waya da aka lulluɓe da tamfol. A ƙa'idar wurin, waɗannan lunguna a rufe suke ruf kuma cike da iskar shaƙa, don haka ana bin su da kayan gida, ko da yake sanyin hamada yana ratsa su ta ko'ina, kuma ta ɓarakar tamfol kana hango ƙasa.

Washegari da tsakar rana kwamanda ta ja ƙofar waje ta rufe, ta ce daga yanzu muna Mars. Daga nan muka daina cewa Litinin ko Talata, muka koma ƙirga kwanaki da kalmar sol, wato yinin Mars, wanda ya fi namu tsawo da kusan minti 40, ko da yake agogonmu na nan duniya muka ci gaba da bi. Waya ta daina aiki a matsayin waya. Da dare kaɗai ake buɗe hanyar saƙo na awa biyu, a aika rahotanni ga masu sa ido daga nesa, a nemi izinin fitar gobe, sannan kowa ya rubuta wa iyalinsa. Dalilin wannan takura shi ne nisan da ke tsakanin duniyoyin biyu: saƙon rediyo yana ɗaukar daga minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, gwargwadon inda kowacce take a zagayenta. Na zauna na yi lissafin cewa idan Bahaushe ya yi sallama daga Mars a lokacin da ta fi nisa, sai ya jira minti 44 kafin ya ji amsa, kuma kafin a gama ina kwana da ina gajiya da yaya iyali da yaya sanyi, azahar ta yi ba a taɓo maganar da ta kawo shi ba. Da na fassara wa likitan wannan ya yi dariya, amma ya ce ainihin matsalar ke nan: wanda ya yi nisa haka dole ya koyi yanke shawara da kansa, domin kafin umarni ya iso, abin da zai faru ya riga ya faru.

Maganar ruwa ce ta fara nuna mini cewa ban san kaina ba kamar yadda nake zato. Na tafi da alfaharin cewa mutumin da ya girma yana sayen jarka a hannun 'yan garuwa babu wanda zai koya masa tsimin ruwa. Kowace yamma injiniya yakan auna abin da ya rage a tanki, ya raba da kwanakin da suka rage, ya rubuta a allo. Wanka sau ɗaya ne a cikin kwana uku, shi ma na minti biyu, ana jiƙa jiki a kashe famfo a yi sabulu sannan a ɗauraye, abin da bai dame ni ba ko kaɗan tunda da bokiti na saba. A dare na biyu sai ya zo mini da takarda cikin ladabi yana tambaya ko zan yarda a auna ruwan alwalata, domin ya ga ina ɗiba sau biyar kuma ba ya so lissafinsa ya zama da giɓi. Raina ya ɗan sosu, amma na yarda. Muka auna, sai ga shi ina zubar da fiye da lita ɗaya da rabi a kowace alwala, ni da na sha karanta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda, abin da bai kai lita ɗaya ba. Daga ranar na koma kofi ɗaya na rabin lita, ina tara abin da ya zuba a roba in kai wa wakena. Alƙibla ma sai da ta rikita ni, domin a Kaduna mun saba cewa mu fuskanci gabas, a Yuta kuwa ta fi karkata arewa, kuma jikina ya yi kwana biyu yana gardama da abin da na'ura ta nuna.

Fitata ta farko a sol na uku ce. Rigar ba ta da matsin iska kamar ta gaskiya, amma tana da nauyinta: hular kwano mai gilashi, da akwatin goyo mai batir da fanka da ke hura iska cikin hular, da safar hannu mai kauri, da oba-oba a ƙirji. Tsakanin cikin gida da waje akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofa biyu, wanda tun ranar farko na sa masa suna zaure, domin aikinsa ke nan, ba a faɗa wa gida kai tsaye daga titi. A cikinsa ake tsayawa minti biyar cur ana jiran a zuƙe iskar da ba a zuƙewa, mutum uku a matse, kowa yana jin numfashinsa a kunnensa. A Mars ta gaskiya wannan jira shi ne tsakanin rai da mutuwa, domin iskarta kusan duk kabon dayoksaid ce, irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, kuma matsinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. Muka hau wasu ƙananan motocin lantarki da ba su fi Keke Napep girma ba, waɗanda aka raɗa wa sunayen motocin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta aika Mars, muka nufi gindin wani tudu.

A nan na gane abin da rigar take koyarwa. Aikin da nake yi cikin minti goma a fadamar kogin Kaduna, in tsuguna in haƙa in ƙulla a leda in rubuta lamba, sai da ya cinye mini kusan awa guda. Ba na iya sunkuyawa sosai don kada akwatin ya rinjaye ni, alƙalami yana suɓucewa daga safar hannu, gilashin ya yi raɓa daga numfashina, hancina yana ƙaiƙayi kuma babu hanyar susa. Mafi wuya gare ni shi ne rashin taɓa ƙasar. Mai sana'ata da yatsu yake fara karanta ƙasa, ya murza ta, ya jiƙa ta da yawu ya ga ko za ta yi igiya, wani lokacin har ya shinshina. An raba ni da duk wannan, sai ido kaɗai ta bayan gilashi. Ƙasar wurin yumɓu ne da ake kira bentonait, asalinsa tokar aman wuta ce da ta zuba kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, yana kumbura idan ya sha ruwa, ya tsattsage idan ya bushe har samansa ya yi kamar gugguru. A wata fitar masanin duwatsu ya kai mu wani fili da ke cike da ɓawon wasu halittun ruwa masu kama da kawa, sun zama dutse, shaidar cewa teku ya taɓa rufe wannan hamada. Na tsaya da guda ɗaya a tafin hannuna na ce tsarki ya tabbata ga Allah, na manta oba-obata a buɗe take, sai na ji kwamanda daga gida tana tambaya ko lafiya.

Dare a gidan na hira ne, bayan an aika rahotanni kuma janareta ya karɓi aiki daga hasken rana, ƙarar da ita kaɗai ce take sa ni jin kamar ina gida. Likitan ya ɗaura wa kowa agogon da ke auna barci, kuma kowane dare muna cika takardar tambayoyi a kan yanayin zuciya da wanda muka fi jituwa da shi. Shi ne ya fi mu sanin tarihin irin wannan zama. Ya ba mu labarin Mars-500 a Mosko, inda maza shida, Rashawa uku da Bafaranshe da ɗan Italiya da ɗan Sin, suka zauna a rufe kwana 520, daga Yunin 2010 zuwa Nuwamban 2011. Babu wanda ya fita kafin lokaci, amma yawancinsu barcinsu ya rikice, motsinsu ya yi ta raguwa, har ɗaya daga cikinsu jikinsa ya koma bin yini mai awa 25, ta yadda wasu ranakun yana barci sauran suna aiki. Ya kawo na Biosphere 2, wani katafaren gidan gilashi rufaffe a Arizona, inda mutum takwas suka shiga a 1991 suka yi shekara biyu suna noma abincinsu, iskar oksijin ta sauka daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 14, har sai da aka ƙara musu daga waje. Wannan ɓangaren ni na karɓe shi daga bakinsa, domin laifin ƙasa ne: an cika ta da taki, ƙwayoyin halittar cikinta suka yi ta shan oksijin, simintin ginin kuma yana haɗiye hayaƙin da suke fitarwa, shi ya sa aka daɗe ba a gano inda iskar take tafiya ba. Amma abin da likitan ya fi nanatawa shi ne cewa mutanen takwas sun rabe gida biyu, wasunsu sun daina magana da juna, alhali suna cin abinci daga gona ɗaya.

Mu mako biyu kaɗai muka yi, amma zo mu zauna zo mu saɓa ne. Masanin duwatsu yana da wani fito da yake yi idan yana wanke kwanoni, waƙa ɗaya tak, kuma zuwa sol na bakwai na fara jin fiton nan a cikin haƙorana. Daga baya na ji cewa tashina na asuba da ƙarar tsanin da nake sauka ta kansa sun hana mai rubuta rahoto barci tun daren farko, ta yi shiru ne don kada a ce ta taɓa addinina. Abinci shi ne yake gyara tsakani. Kusan komai busasshe ne da ake jiƙawa da ruwan zafi, nama da kayan lambu da madara da ƙwai duk gari ko gutsattsari. Ba don banza ba ne zaman farko na HI-SEAS, wani gida irin namu a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 2013, ya ba da wata huɗu cur ga nazarin abinci, domin mutumin da ya gaji da ɗanɗano ɗaya yakan rage ci ba tare da ya sani ba. Ranar girkina na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da uwargida ta ƙulla mini tare da yaji, babu daddawa babu man shanu. A gida da an yi mini dariya, amma a can sai da aka kankare tukunya, kuma masanin duwatsu ya ci yaji har ya kasa fito a daren.

A sol na tara na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. A fitar jiya na ɗebo yashi daga wani busasshen rafi domin in gauraya da yumɓu, kuma a hanyar shigowa leda ɗaya ta faɗi daga akwatina ban sani ba. Da asuba ina bin lungu zuwa ɗakin shuka sai na hango ta ta ɓarakar tamfol, ba ta fi kamu uku daga ƙafata ba. Fitata ta gaba sai bayan kwana biyu, wake kuma yana bukatar kwana huɗu ko biyar kafin ya huda ƙasa, don haka kwana biyun nan su ne bambancin samun sakamako da rashinsa. Kowa yana barci. Na durƙusa na zura hannu ta ƙarƙashin waya na jawo ledar, na ji sanyin ƙasar a bayan hannuna, karo na farko da fatata ta taɓa ta. Na kai ta ɗakin shuka na ajiye, amma na kasa buɗe ta. Maganar Inna ce ta tsaya mini a wuya, domin mai i'itikafi ma ba a sa masa mai gadi.

Wajen karin kumallo na faɗa musu. Na zaci za a yi dariya a wuce, sai ga shi an shafe kusan awa guda ana muhawara. Masanin duwatsu da mai rahoto suka ce yashi yashi ne, binciken wake ya fi wasan kwaikwayo muhimmanci, a bar ni in yi aikina. Injiniya ya ce idan aka bar wannan, to alƙaluman ruwansa da na barcin da likita yake tarawa duk sun zama na mutanen da suke bin doka idan ta yi musu daɗi, kuma babu wanda zai iya gina komai a kansu. Likita ya ƙara da cewa a Mars babu hannun da zai fita ta bango, don haka ledar da ta faɗi ta faɗi ke nan har sai an fita an ɗauko ta, kuma yadda ayari yake jure irin wannan asara yana cikin abin da aka zo aunawa. Kwamanda ta saurari kowa kamar madugun ayari, sannan ta yanke cewa a rubuta abin da ya faru a rahoton dare, a kuma mayar da ledar inda take. Haka na koma lungu da rana tsaka, babban mutum mai furfura a gemu, na tura ledar yashi waje ta inda na jawo ta, mutum biyar suna tsaye a kaina.

Bayan kwana biyu aka ɗauko ta bisa ƙa'ida. Waken da na shuka a ƙasar lambu ya riga ya yi ganye, na cikin tsantsar yumɓu kuwa yawancinsa ya ruɓe a ciki, domin da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura ya toshe iska. Na gaurayen yumɓu da yashi, wanda shi ne na fi sa wa rai, ƙasa ta fara tsagewa a kansa ne a safiyar da aka buɗe ƙofa, don haka gurbinsa a rahotona babu komai sai bayanin dalili.

Ba zan ce abin da muka yi ya kai matsayin babban bincike ba. Nauyin jiki a Mars kashi 38 ne cikin ɗari na nan, kuma babu gidan da zai kwaikwayi wannan a doron ƙasa, haka ma hasken nan mai cutarwa da ke ratsa sararin samaniya, haka ma gishirin faklorait mai guba da ke cikin ƙasarta, wanda yumɓun Yuta bai gwada mini ba. Tsoro ma ba ya kwaikwayuwa, domin duk mun san cewa idan ciwo ya kama wani, mota tana nan kuma kwalta ba ta da nisa. Zaman mako biyu na mutanen da suka zaɓi kansu ba zai yi daidai da na CHAPEA ba, inda NASA ta tantance mutum huɗu ta sa su a wani gida da na'ura ta zuba gininsa a Houston, suka yi kwana 378 daga Yunin 2023 zuwa Yulin 2024 ana auna kusan komai nasu. Abin da ƙananan wurare irin namu suke iya gwadawa shi ne kayan aiki da tsarin aiki da halin mutane, yadda safar hannu take hana ɗaukar samfur, da yawan ruwan da mutum shida suke sha idan an sa musu ido. Na kuma yi ta tunanin cewa masu binciken Ostiriya sun yi irin wannan gwaji a hamadar Maroko a 2013 da ta Oman a 2018, alhali ayarin gishiri ya shafe ɗaruruwan shekaru yana ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma a Nijar da ruwa a cikin salka, ƙarƙashin madugun da maganarsa ita ce ta ƙarshe.

Na dawo Kaduna hunturu bai gama wucewa ba. Daga Rigasa ban sauka gida ba sai da na biya Tudun Wada, na tarar da Inna a tsakar gida tare da ƙanwata da ɗanta, wanda yake aji biyu a sakandare kuma shi ne ya fi kowa ɗokin tafiyar. Ya yi ta jero tambayoyi a kan hular kwano da motocin lantarki da taurari, ina amsawa, har na nuna masa hoton ɓawon kawar nan a waya. Inna ba ta ce komai ba sai da aka kawo fura, sannan ta ce, "To, i'itikafin ya cika kuwa?"

Na ba ta labarin ledar yashi daga farko har ƙarshe, har da yadda aka tsaya a kaina na mayar da ita. Ta yi dariya har sai da ta share ido da gefen mayafinta, ta ce ita dai abin da malamai suka karantar da su shi ne wanda ya ɓata i'itikafinsa da gangan sai ya sake daga farko, amma tunda hannu ne kawai ya fita, in je in tambayi liman.

Yaron ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, idan liman ya ce sai ka rama, da ni za ka tafi. Ni zan riƙa riƙe maka ledojin."